Daga Minjirya zuwa Allurar Lantarki: Tarihin Neman Magani ga Hannun da ya Mutu amma Yake Ƙuna



Wani daren Laraba, muna tsakiyar shirin lafiya da nake gabatarwa a gidan rediyonmu, wani saurayi ya bugo waya. Ya ce shi ɗan kabu-kabu ne, sai kuma ya gyara maganarsa ya ce, "a da." Wata takwas ke nan da mota ta kwashe shi a kan babur, ya faɗi da kafaɗa, kansa ya karkace ɗaya gefen. Mai ɗori ya ɗaure masa ƙashin da ya karye, ƙashi kuwa ya kama. Amma tun ranar hannunsa na dama yake reto kamar tsumma, ko an mintsine shi ba ya ji. Abin da ya hana shi barci shi ne, wannan hannun da ba ya jin mintsini yana ƙuna dare da rana kamar an tsoma shi a tafasasshen mai, can kuma sai wani abu ya tsarga masa kamar walƙiya daga kafaɗa har yatsu. A gida wasu sun ce iska ne, wasu sun ce jifa ne. Wani kawunsa kuwa cewa ya yi raki ne kawai, ai matacce ba ya ciwo. Tambayar saurayin ɗaya ce: ya ji an ce likitocin Sin suna da wata allura da ake jona wa lantarki, shin za ta tayar masa da hannu?

Likitan da muka gayyato ya amsa masa a gurguje don lokaci ya ci mu. Ni kuwa tambayar ta biyo ni har gida, na shafe makonni ina bin diddigin wannan allura. Abin da na tarar shi ne, tun ranar da aka ƙirƙiro ta, zafi aka yi ta don ta rage. Ɗinke jijiyar da ta tsinke aikin wani ne daban, kuma aikin yana da wa'adi.

Abin da ya tsinke

Bahaushe ya haɗa abubuwa uku ya kira su jijiya: hanyar jini, da agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma farin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ta ukun muke nufi a nan. Saiwoyi biyar ne suke fitowa daga laka ta ƙasan wuya, su sarƙe da juna kamar tufkar igiya, su bi ta ƙarƙashin ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, sannan su rarrabu cikin hannu. Duk motsi da duk jin da hannu yake yi ta nan yake bi. Idan mutum ya faɗi, kafaɗa ta yi ƙasa, kai ya yi gefe, wannan tufkar ce take miƙewa fiye da ƙima.

A 1943 wani likitan ƙashi ɗan Ingila, Herbert Seddon, ya kasa raunin jijiya gida uku. Akwai wadda ta sume kawai, takan farfaɗo cikin makonni. Akwai wadda zaren cikinta ya tsinke amma kubenta yana nan, takan sake tsirowa a hankali, wajen milimita ɗaya a rana. Akwai kuma wadda ta rabu biyu, wadda in ba an ɗinke ta ba babu yadda za ta haɗu. Mafi muni shi ne saiwar ta tumɓuke daga jikin laka ɗungurungum, kamar yadda ake tuge gyaɗa.

To ina zafin yake fitowa? Mu ma'aikatan rediyo mun san amsar a aikace. Idan wuta ta ɗauke a tasharmu, akwatin mai sauraro ba shiru yake yi ba, shuuu yake kamawa. Haka ƙwayoyin laka da suka saba karɓar saƙon hannu suke yi: da saƙo ya yanke sai su shiga harbawa da kansu, ƙwaƙwalwa kuma ta karanta wannan hayaniya da cewa hannu yana ƙuna. Ciwon a laka yake, a hannu ake jin sa.

Kifi da allura

Tun kafin a san sunan lantarki ɗan Adam ya san girgizarsa, ta hanyar kifi. Duk masuncin da ya taɓa kama minjirya a kogin Kwara ko tafkin Cadi ba ya buƙatar a yi masa bayani. Misirawan dā sun zana wannan kifi a bangon kaburburan Saƙƙara sama da shekara 4,000 da suka wuce. Wajen shekara ta 47 Miladiyya, wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus, na zamanin sarki Claudius, ya rubuta cewa mai ciwon gaɓoɓin ƙafa ya tsaya a bakin teku ya taka wani faffaɗan kifi mai girgiza har ƙafar ta yi sanyi ta daina ji, mai matsanancin ciwon kai kuma a ɗora masa kifin a ka. Ka ga tun farko, kashe zafi ake nema da girgizar.

Ita kuwa allura daga Sin ta fito. Kada mai karatu ya ɗauka allurar asibiti ce da ake ɗura ruwan magani; wannan siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, ba ta da rami, ba ta ɗauke da komai. Tsohon littafin likitancinsu, Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya bayyana cewa akwai wani ƙarfi da suke kira "ci" mai gudana ta wasu hanyoyi a jiki, ciwo kuma toshewar hanyoyin ne, allura ce take buɗe su. A 1027 likitan fada Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai ɗauke da ramukan wuraren sukar, don koyar da ɗalibai. Duk da haka sana'ar ba kullum take da daraja a gidansu ba. A 1822 sarki Daoguang ya hana ta a makarantar likitocin fada, yana ganin bai dace a tuɓe sarki a soka masa ƙarfe ba.

Turawa sun sami labarinta ta hannun Willem ten Rhijne, likita ɗan Holan da ya yi aiki a Nagasaki ta Japan, ya ga yadda ake yi, ya buga littafi a Landan a 1683. Sun karanta, sun yi mamaki, sun ajiye sama da shekara ɗari.

An ɗaura aure a Faransa

Abin da ya tayar da maganar shi ne lantarki. A 1791 Luigi Galvani na Italiya ya bayyana yadda ƙafar mataccen kwaɗo take harbawa in lantarki ya taɓa jijiyarta. A 1800 Alessandro Volta ya ƙera batir na farko. Daga nan likitocin Turai suka shiga jona wa marasa lafiya wuta ta kowace fuska. A 1816 wani likitan karkara a Faransa, Louis Berlioz, mahaifin shahararren mawaƙin nan Hector Berlioz, ya buga littafi kan yadda ya gwada allurar a kan majinyatansa, ya kuma kawo shawarar cewa in an bi da lantarki ta cikinta aikinta zai ƙaru. A 1825 Jean-Baptiste Sarlandière, tsohon likitan soja, ya fitar da littafi sukutum kan haɗa allura da lantarki don ciwon gaɓoɓi da na jijiyoyi. Ashe abin da muke kira maganin Sin, amaryar ce kawai ƴar Sin. Angon Bature ne, a Faransa kuma aka shafa fatiha.

Auren bai yi daɗi da farko ba. Allurar zamanin ba a dafa ta, wutar batir ɗin kuma tana cin nama, tana barin gyambo. Guillaume Duchenne, likita daga garin masunta na Boulogne, ya fara da allurar a shekarun 1830, da ya ga wahalar da take ba mutane sai ya ajiye ta, ya koma ɗora jiƙaƙƙun ƙarafa a kan fata. Ya yi shekaru yana yawo asibitocin Paris da akwatin batir ɗinsa, yana taɓa tsoka ɗaya bayan ɗaya don ya gane wace jijiya ke motsa wace. Shi da Bajamushe Wilhelm Erb, wanda ya yi nasa bayanin a 1874, su ne suka fayyace shanyewar hannu da ke biyo bayan raunin saiwoyin sama na tufkar nan, har yau kuma da sunansu likitoci suke kiran ta. Wato lantarki ya fi amfanar likita wajen gano inda ɓarnar take, kafin ya amfani majinyaci.

Zafin da yaƙi ya tona

Wanda ya fara tsayawa ya saurari masu irin ciwon saurayinmu da kunnen basira shi ne Silas Weir Mitchell. Lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an keɓe asibiti a Philadelphia don sojojin da harsashi ya lalata musu jijiya. Mitchell da abokan aikinsa biyu, Morehouse da Keen, sun buga abin da suka gani a 1864. Sun ga ƙarti majiya ƙarfi suna yawo da hannu naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, suna zuba masa ruwa ba dare ba rana. Kaɗawar iska, ƙarar takardar jarida, ko takun wani a ɗakin jinya, duk suna tayar musu da ƙunar. Da yawa an zarge su da ƙarya don gudun fagen daga. Mitchell ya nuna cewa ciwon gaskiya ne, ya kuma shigar da shi littattafan likitanci da suna nasa na kansa.

Da bindiga ta lafa, babur ya karɓe ta. Algimantas Narakas, likitan tiyata a Lausanne ta Suwizalan wanda ya duba masu wannan rauni sama da dubu, ya ƙiyasta cewa wajen kashi 70 cikin ɗari haɗarin hanya ne ya jawo musu, a cikin waɗannan kuma wajen kashi 70 masu babur ne ko keke. A 1980 likita Wynn Parry na Ingila ya ba da rahoton mutum 108 da saiwar jijiyarsu ta tumɓuke daga laka: 98 daga cikinsu suna fama da zafi mai tsanani. Ya lura cewa ƙwayoyin magani ba su cika yi musu aiki ba, girgizar lantarki ta kan fata ta taimaki wasu, abin da ya fi komai sa su manta da zafin kuwa shi ne su shagala da wani aikin yi.

Amarya ta koma gida

A Turai yayin allurar ya wuce tun cikin ƙarni na 19. A Sin ma saura ƙiris a binne ta, don a 1929 an kawo ƙudurin soke likitancin gargajiya gaba ɗaya, sai da masu sana'ar suka yi ca aka janye. Bayan juyin juya halin 1949, gwamnatin Mao Zedong ta tarar da ɗaruruwan miliyoyin mutane da likitocin zamani ƴan ƙalilan, sai ta rungumi na gargajiya. A 1958 wani asibiti a Shanghai ya cire wa majinyaci ƴan wuya da allura a madadin maganin kashe zafi, abin ya bazu ƙasar. Sai dai tiyata takan ɗauki awanni, mai murza allura da yatsu kuma yakan gaji. Nan aka ɗauko akwatin batir ya karɓi aikin yatsu. Da haka allurar lantarki ta zama ƴar gida a Sin.

Duniya ta farga ne a Yulin 1971, lokacin da ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya kwanta tiyatar afendis a Beijing. A matsayina na ɗan jarida, nan ne na ga yadda labari yake canza kama a hanya. Da maganin kashe zafi na asibiti aka yi wa Reston tiyata. Bayan an gama ne aka soka masa allura don murɗawar ciki, haka kuma ya rubuta. Amma kafin labarin ya zagaya, ya koma wai da allura zalla aka farke shi. Da shugaba Nixon ya ziyarci Sin a Fabrairun 1972, likitocin Amurka suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Daga baya tiyata da allura ta ja baya a Sin ɗin kanta, aka kuma fahimci cewa zaɓar majinyatan ake yi, da yawansu ana haɗa musu da wasu magunguna.

Me masana suka gano?

A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin da ya sauya fahimtar zafi. Suka ce a laka akwai wata ƙofa: saƙon taɓi da na girgiza, waɗanda ke bin manyan zaruruwa, suna iya tura ƙofar su rage wa saƙon zafi hanya. Dalilin da ya sa ke nan in ka buge gwiwar hannu kake murza wurin. Daga wannan bayani aka ƙera ƴan akwatunan da ake manna wa fata suna ba da girgiza.

A shekarar nan dai Han Jisheng ya fara bincike a Beijing. Ya soka wa zomo allura, ya ɗebi ruwan ƙwaƙwalwarsa ya zuba wa wani zomon da ba a taɓa ba, sai na biyun ma ya ƙara jure zafi. Ashe wani sinadari jiki yake saki. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz a Aberdeen suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana haɗa nata maganin mai aiki irin na mofin. A 1976 Bruce Pomeranz a Toronto ya nuna cewa in an ba ɓera maganin da ke toshe aikin mofin, allurar lantarki ta daina rage masa zafi. Han ya ƙara gano cewa bugu 2 a sakan yana sakin wani rukunin sinadaran, bugu 100 kuma wani rukunin daban. Cewa wasu dabbobin sam ba ta yi musu aiki. In kuma an daɗe ana yi ba hutu jiki yakan saba.

Ɓera daban, mutum daban. A Jamus an gwada allurar hannu a kan masu ciwon baya 1,162, aka fitar da sakamako a 2007: wajen kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka soka wa a wuraren da littafi ya faɗa sun sami sauƙi, waɗanda aka soka wa sama-sama a wuraren da ba su ba kashi 44, masu maganin da aka saba kuma kashi 27. Wato sukar ta yi amfani, amma taswirar mutum-mutumin tagulla ba ta ƙara wani abin kirki ba. Game da ciwon jijiya kuwa, ƙungiyar Cochrane mai tace binciken likitanci ta duba a 2017, ta sami gwaje-gwaje shida kacal masu mutum 462, ta ce hujjar ba ta kai a yanke hukunci ba, ko na yabo ko na kushe.

Akwai kuma wani abu da hankali ma zai ba ka. Duk aikin allurar ya dogara ne da saƙo ya isa laka. In saiwa ta tumɓuke, hannun ya zama waya marar layi. Ko allura ɗari aka soka masa babu mai ɗauka. Shi ya sa masu aikin da suka san abin da suke yi sukan nemi inda ji ya rage, kamar wuya da kafaɗa da cikin damtse.

Yadda ta iso mu

Tawagar likitocin Sin ta farko a Afirka ta sauka Aljeriya a 1963. Kamaru ta karɓi tata a 1975. Nijar ta ƙulla hulɗa da Sin a 1974, daga 1976 kuma lardin Guangxi ya fara turo mana likitoci, a cikinsu har da masu allura. Ba ta zo mana a baƙuwa sosai ba, don wanda ya saba da ƙahon wanzami da tsaga da sakiya ba zai yi mamakin a huda fata don a kori ciwo ba. Wannan sabon ne ya sa muka karɓe ta hannu biyu, shi ne kuma yake sa mu ɗora mata kayan da ba nata ba.

A shekarun da allura take wannan yawo, masu tiyata ma ba barci suke ba. Sun koyi ɗauko jijiya daga ƙafa su cike giɓin wadda ta tsinke, da karkato lafiyayyar jijiya daga tsakanin haƙarƙari zuwa hannu. A 1994 Christophe Oberlin a Paris ya nuna yadda ake aro ƴan zaruruwa daga wata jijiyar hannu mai rai a jona wa tsokar damtse, gwiwar hannu ta koma lanƙwasuwa. Don zafin da ya gagari komai kuwa, Marc Sindou a Lyon da Blaine Nashold a Amurka sun fito da tiyata a shekarun 1970, wadda ake shiga laka a kashe daidai wurin da ƙwayoyin nan suke hayaniya.

Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsokar da ta rasa jijiya tana ramewa, in ta kai shekara zuwa shekara ɗaya da rabi ba ta ƙara karɓar saƙo ko an kawo mata. Tunda jijiya milimita ɗaya take tafiya a rana, likitoci sun fi son a yi aikin cikin wata shida na farko. Wata takwas ɗin da saurayinmu ya yi tsakanin ɗori da turare da tofi, daga cikin wannan wa'adi aka ci su.

Amsar da na bayar

Laraba biyu bayan nan na sake buɗe maganar a shirin, ko Allah zai sa yana saurare. Na ce masa: ɗan uwa, allurar lantarki tana iya rage maka ƙuna, wasu sun dace da ita, wasu ba su dace ba. In za ka gwada, ka je wurin wanda ya koyi aikin, mai buɗe sabuwar allura a gabanka, don tsohuwa tana ɗaukar ciwon hanta, sukar ganganci a gindin wuya kuma tana iya huda huhu. Amma kada ka bari ta tsayar da kai. Ka nemi likitan ƙashi ko na jijiya a makon nan, a auna a gane wace saiwa ce ta sume, wace ce ta tsinke. Ka riƙa motsa gaɓoɓin hannun da ɗaya hannun kullum don kada su sandare. Akwai magungunan da aka tanada don zafin jijiya, likita ne zai rubuta maka. Tramol na bakin tasha kuwa ya cinye samari da yawa da suka fara shi da niyyar magani. Ka kuma nemi abin yi, ko tsaron shago ne, don zaman shiru abokin wannan ciwo ne.

Na kuma aika saƙo ga kawunsa, da duk mai irin wannan majinyaci a gida: Baba, ba raki ba ne. Shekara 160 ke nan da likitoci suka tabbatar da haka a kan sojojin da suka ga wuta da idonsu. Ku kai shi asibiti tun da sauran lokaci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kiyaye ƴan uwanmu masu neman halaliyarsu a kan babur. Amin.